Masu Koya wa Kwamfuta Harshen Likitoci

Idan ciwon ƙashi ya taso wa yaro mai sikila a Wurno ko Goronyo, aka garzaya da shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, likita zai rubuta abin da ya gani a kati. Wani ya sa VOC, wani ya sa BPC, duk ciwon ƙashin suke nufi. Ɗakin gwaji a nan ya ce PCV 21, na wata ƙasa ya ce Hb 7. Kowane likita ya san kusan magana ɗaya ce, jinin yaro ya yi ƙasa sosai. Kwamfuta kuwa ba ta san haka ba. Sai mai bincike ya tara katunan asibitoci goma ya kasa haɗa su wuri guda, a Najeriya, ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haifar jarirai kusan 150,000 da sikila duk shekara.

Akwai gwanayen da suka ɗaure wa wannan matsala ɗamara, kuma aikinsu yana burge ni matuƙa. Dabarar ta samo asali ne daga Tim Berners-Lee, wanda ya yi bayaninta a 2001: a ba kowane abu lambar shaida tasa a intanet, sannan a rubuta kowace magana gaɓa uku, bisa ƙa'idar RDF. Wannan yaro, yana da, HbSS. HbSS, nau'i ne na, sikila. Kumburin hannu da ƙafa, alama ce ta, sikila. Da zarar an ɗinka dubban irin waɗannan, sai ka nemi masu sikila kwamfuta ta kawo maka har masu HbSC, ko da babu wanda ya rubuta sunan cutar a katinsu.

Wahalar tana wajen yarjejeniya. A 2016 likitocin jini, masana ƙwayoyin gado da masana kwamfuta suka zauna a Cape Town suka soma kundin SCDO, suna bin kalmomin sikila ɗaya bayan ɗaya. Me ake nufi da wannan? Ƙarƙashin me take? Wadda aka riga aka fayyace a wani kundi sai a aro ta da lambarta, kada a ƙirƙiro mata kishiya. Aikin haƙuri ne irin na masaƙi, zare ɗaya ya kauce zane ya lalace.

 

A kan wannan kundi na SCDO shirin binciken sikila na SPARCO ya daidaita rajistarsa, wadda Farfesa Obiageli Nnodu ta jagoranci reshenta na Abuja. Yanzu ana iya jera bayanan majinyatan Abuja da Kumasi da Dar es Salaam a yi musu tambaya guda, kamar ko maganin hydroxyurea yana rage yawan kwanciya a asibiti.