"Allah Ya Isa": Ƙarar da Ake Ɗagawa Zuwa Ranar Hisabi

Kafin a kabbara sallar gawa a garuruwan Hausa, sau da yawa wani daga cikin dangi yakan ɗaga murya ya ce duk mai bin mamaci bashi ya zo ya same su, wanda kuma ya taɓa saɓa wa ya yafe masa. Sai jama'a su amsa: "Mun yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Wannan 'yar sanarwa ta fi dogon wa'azi nuna yadda Bahaushe ya ɗauki ranar Alƙiyama. A wurinsa zaman shari'a ne, da mai ƙara da wanda ake ƙara, kuma mutuwa ba ta kashe magana.

Al'adar ba daga sama ta faɗo ba. Bukhari ya ruwaito cewa an kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, gawar wani mai bashin dinari uku da bai bar abin biya ba, sai ya ce sahabbai su sallace shi, shi kuwa bai shiga ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauke bashin. Ayoyin gado na Suratun Nisa'i ma sun sa bashi da wasiyya gaba da rabo.

Daga nan "Allah ya isa" ta samo kaifinta. Yaro na iya furta ta a kan ƙwallo, amma idan ta fito daga bakin lebura da aka cinye wa ladan yini, ko marainiyar da baffanta ya danne wa gona, ɗaukaka ƙara ce zuwa gaban Alƙalin da ba ya bukatar shaidu. Shi ya sa ƙato mai taurin kai, wanda sammacin kotu ba ya tayar masa da hankali, zai bi tsohuwar da ta yi masa "Allah ya isa" har zaure yana cewa, "Inna, ki janye." Ya san hadisin da Muslim ya ruwaito game da matsiyacin gaskiya: wanda zai zo da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, a yi ta ɗibar ladansa ana biya, in ya ƙare a ɗora masa zunubansu. Ko a kasuwar hatsi, Suratul Muɗaffifin ba ta tsaya ga tauye mudu ba, nan take ta haɗa shi da ranar tsayuwa.

Sai dai mun iya yi wa wannan imani dabara. Mai mulki ya kwashe dukiyar jama'a, ranar sauka ya ce a yafe masa, kamar dai ƙafar wani ya taka a masallaci. Alhali Imam Nawawi, a Riyadus Salihin ɗin da ake karanta mana tsakanin magariba da isha'i, ya bayyana cewa tuba daga haƙƙin ɗan'adam tana da sharaɗi na huɗu, wato mayar wa mai abu abinsa ko neman ya warware maka. Talaka shi ma, a ganina, yakan yi saurin barin wa Allah abin da alƙalin duniya zai iya ƙwato masa, azzalumi kuwa abin da yake so ke nan.

Ita kanta yafiyar gaban makara tana da tambaya. Mai shagon unguwa da ke bin mamaci kuɗin sukari da sabulu ba zai iya buɗe baki ba, 'ya'yan mutum suna hawaye a gabansa. Kunya ta sa shi ya amsa tare da jama'a. Zai jira sadakar uku, ya jira ta bakwai, wataƙila har arba'in, ko wani zai tambaye shi. Sunan dai yana nan a littafinsa na bashi, bai soke ba.