Wa Ke Cewa Koci Ya Tafi? Aljihu, Gado da Ihun 'Yan Kallo a Ingila

Ranar 18 ga Maris, 2017, Arsenal ta je gidan West Bromwich Albion aka doke ta da ci 3-1. Ana cikin wasan sai ga wani ƙaramin jirgi ya ratsa saman filin Hawthorns yana jan ƙyalle, an rubuta kada a sabunta wa kocin Arsenal, Arsène Wenger, kwantiragi, ya tafi. Jim kaɗan sai ga na biyu, shi kuma yana cewa a girmama mutumin, har yanzu an amince da shi. Magoya bayan ƙungiya ɗaya ne, kowane ɓangare ya zuba kuɗinsa ya yi hayar jirgi don ya faɗi abin da a da maƙogwaro ke faɗa kyauta. Kwana 11 kafin nan Bayern Munich ta zo har Emirates, gidan Arsenal, ta zura musu 5-1, jimilla 10-2 a wasa biyu, saboda haka fushin yana da tushe. Abin da ya tsaya mini a rai tun ranar shi ne tambayar su wane ne ke tashi su ce koci ya tafi, su wa ke haƙuri, kuma me aljihun mutum da asalinsa suke da shi a ciki.

Amsar da aka saba bayarwa mai sauƙi ce: talaka ne mai ihu, mai hali kuwa ya zauna ya harɗe ƙafa yana kallo kamar a silima. Wannan magana tana da tarihi a bayanta. Manyan ƙungiyoyin Ingila da yawa leburori ne suka kafa su. Ma'aikatan jirgin ƙasa na Newton Heath ne suka fara abin da ya zama Manchester United a 1878. Ma'aikatan masana'antar makamai ta Woolwich suka kafa Arsenal a 1886, West Ham kuma ta fito daga kamfanin ƙera jiragen ruwa na Thames Ironworks a 1895. Hatta al'adar take wasa ƙarfe uku na ranar Asabar ta samo asali ne daga tashin ma'aikata da rana a wannan yini. Kusan shekara ɗari mutane a tsaye suke kallo, kafaɗa da kafaɗa, kuɗin shiga bai fi ƙarfin mai albashin mako ba.

Abin ya juya bayan 15 ga Afrilu, 1989, ranar da turmutsutsu a filin Hillsborough na Sheffield ya yi sanadin mutuwar magoya bayan Liverpool 97. Rahoton alƙali Taylor na 1990 ya ba da shawarar a mayar da filayen manyan ƙungiyoyi na zama zalla. Alƙalin ya ja kunne cewa bai kamata kujera ta kori wanda ya saba biyan kuɗin tsayuwa ba, amma wannan ɓangaren shawarar ba a riƙe shi ba. Aka kafa gasar Firimiya a 1992, kuɗin talabijin ya kwararo, tikiti ya yi ta hawa. A watan Nuwamba na 2000, bayan wasa da Dynamo Kyiv, kyaftin ɗin United Roy Keane ya fito ya soki wasu 'yan kallon Old Trafford, yana cewa sun zo cin burodi mai jatan lande ne, ba su ma san abin da ke faruwa a fili ba. Tun daga nan wannan burodi ya zama laƙabin sabon ɗan kallo mai kuɗi marar murya.

Keane ya faɗi gaskiya game da shirun filin. Amma idan aka ɗauki maganarsa aka ce ita ce ma'aunin wanda ke juya wa koci baya, sai lissafi ya ƙi fita.

A duba Newcastle, garin kwal da ƙera jiragen ruwa, inda ƙungiya ɗaya ce tal a birnin kuma uba ke miƙa wa ɗa ita kamar gona. A Maris na 2016 Rafael Benítez ya karɓe ta tana dab da faɗuwa, bai iya ceto ta ba, ta faɗa gasa ta biyu. A wasan ƙarshe, bayan an riga an tabbatar da faɗuwar, suka ci Tottenham 5-1, filin St James' Park a cike yana kiran sunansa, ana roƙonsa ya zauna. Ya zauna kuwa, ya dawo da su a shekara guda. Waɗannan mutanen dai su ne suka hana kocinsu Alan Pardew sakat a 2014, alhali shi ya kai su mataki na biyar a 2012. Wanda ya faɗi da su sun rungume shi, wanda ya kai su gasar Turai sun tsane shi. Dalilin ba a teburin maki yake ba. Sun ɗauki Pardew a matsayin bakin mai ƙungiya, Mike Ashley, mai kare duk abin da ya yi, Benítez kuwa sun ga yana jayayya da mai gidan a madadinsu, yana magana da su kamar mutane masu hankali. Maƙwabtansu Sunderland sun faɗi sau biyu a jere, 2017 da 2018, amma a ranar 26 ga Disamba, 2018, mutum sama da 46,000 suka shiga kallon wasansu da Bradford a gasa ta uku. Wanda ƙungiya ta zame masa gado ya saba da shan kashi, kamar yadda manomi ya saba da shekarar da damina ba ta yi kyau ba. Abin da ba ya yafewa shi ne raini, da ganin 'yan wasa suna yawo a fili ba sa zufa.

Blackburn ta fi nuna wannan ƙarara. Tsohon garin masaƙu ne wanda arziki ya daɗe da barinsa, kuma ɗan garin, attajirin ƙarfe Jack Walker, shi ya kashe dukiyarsa har suka ɗauki kofin Firimiya a 1995. A Nuwamba na 2010 kamfanin kiwon kaji na Venky's daga Indiya ya sayi ƙungiyar, cikin wata guda ya sallami koci Sam Allardyce, ya ɗora Steve Kean wanda bai taɓa jan ragamar babbar ƙungiya ba. Magoya baya suka yi ta zanga-zanga wata da watanni. Su ma sun yi hayar jirgi a Nuwamba na 2011, da kuɗin karo-karo. Ranar 7 ga Mayu, 2012, daren da Wigan ta ci su 1-0 suka faɗi, wani ya saki kaza a tsakiyar fili an ɗaura mata tutar ƙungiyar. Masu sharhi a talabijin sun yi ta kiran mutanen marasa tarbiyya. Na yarda cewa wasu sun wuce gona da iri, domin zagin da Kean ya sha ya fi ƙarfin laifinsa, kuma mutum ne mai iyali. Sai dai saƙon kazar a fili yake, masu kaji ake nufi. Su suna Pune ta Indiya, nisan dubban mil, shi kuwa Kean yana tsaye a bakin layi duk Asabar inda murya za ta kai gare shi. An bar jaki ana dukan taiki, saboda jakin ba ya kusa.

To, a dawo Arsenal, inda lamarin ya fi ɗaure kai. Da ƙungiyar ta bar Highbury ta koma Emirates a 2006, an gaya wa magoya baya cewa sabon filin ne zai ba su damar gogayya da manyan Turai. Suka biya. A kakar 2014-15 tikitin shekara mafi arha a Arsenal ya haura fam 1,000, mafi tsada kuma ya haura fam 2,000, babu kamarsa a Ingila. Wanda ya biya wannan kuɗi ba shi da haƙurin mutumin Sunderland, domin dangantakarsa da ƙungiya ta ɗauki kamannin ciniki. An sayar masa da alkawari, yana jiran kaya. Wenger ya ci kofin lig uku, ya kammala lig ɗin kakar 2003-04 ba a doke shi ko sau ɗaya ba, ya ɗauki kofin FA bakwai, kuma shekara 20 a jere yana gamawa cikin huɗun farko. A Blackburn da an gina masa mutum-mutumi tun yana kan aiki. A arewacin Landan mataki na huɗu ya zama abin gori, saboda ba farashin mataki na huɗu aka biya ba.

Ga kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba. Mafi zafin muryoyin "Wenger Out" ba daga kujeru masu laushi suka fito ba. Daga bakin ƙofar filin suka fito, a gaban kyamarar ArsenalFanTV da Robbie Lyle ya kafa a 2012, kuma da yawan masu maganar mutanen unguwa ne, da lafazin titin Landan, waɗanda tikitin nan ya ci musu rabo mai tsoka daga abin da suke samu. Fam dubu ga ma'aikacin banki abin shaƙatawa ne, ga direban motar haya kuwa sadaukarwa ce. Tsadar ta haifi masu fushi iri biyu a fili ɗaya. Mai ƙaramin ƙarfi ya yi ihu saboda ya ji a jikinsa. Mai hali ya yi abin da mai saye ke yi idan kaya ba su gamsar da shi ba: ya daina zuwa. A watannin farko na 2018 kyamarori suka riƙa nuna jajayen kujeru fayau a Emirates, kujerun da an riga an biya kuɗinsu. Sai wanda asarar tikiti ba za ta hana shi barci ba ne zai iya irin wannan bore. A ganina kujerun nan sun fi jiragen sama da tutoci tasiri, domin masu talla da masu hannun jari suna iya toshe kunne daga ihu, amma fili rabinsa babu kowa a talabijin ɗin duniya ya taɓa darajar hajarsu. Ranar 20 ga Afrilu, 2018, Wenger ya sanar da cewa zai tafi, bayan kusan shekara 22.

Akwai kuma bambanci tsakanin mai zuwa fili da mai kallo daga nesa, wanda shi ma wani nau'in aji ne. Ranar 29 ga Maris, 2014, wasu suka tura jirgi saman Old Trafford yana neman a kori kocin Manchester United, David Moyes. 'Yan cikin filin suka yi wa jirgin ihu, suka tafa wa Moyes. Ba wai sun gamsu da aikinsa ba ne, don ƙasa da wata guda bayan nan aka sallame shi kuma ba a ga masu kuka ba. Suna ganin tozarta naka a bainar jama'a ba tarbiyyar gidansu ba ce, bayan shekara 26 na Alex Ferguson, wanda shi kansa an ɗaga ƙyallen neman korarsa a 1989.

Inda masu ƙaramin ƙarfi suka fi cin nasara shi ne inda suka bar koci suka nufi mai gida kai tsaye. Ranar 6 ga Fabrairu, 2016, magoya bayan Liverpool kimanin 10,000 suka tashi suka fice daga Anfield a minti na 77, saboda shirin kai wasu tikiti fam 77. Ƙungiyarsu tana gaban Sunderland da 2-0 a lokacin, aka tashi 2-2. Cikin 'yan kwanaki masu ƙungiyar suka ba da haƙuri suka janye shirin. Wannan ba aikin fushin minti ɗaya ba ne. Liverpool gari ne na ma'aikatan tashar jiragen ruwa da ƙungiyoyin ƙwadago, kuma tun 2008 magoya bayan suna da tasu ƙungiyar, Spirit of Shankly, mai shugabanni da taro da ƙuri'a. Sun gaji sanin yadda ake yajin aiki kamar yadda suka gaji ƙungiyar. A Jamus dokar 50+1 ta bar rinjayen ƙuri'a a hannun mambobi a yawancin ƙungiyoyi, saboda haka mai ƙorafi yana da zauren da zai kai shi.

Mu da muka bi rigimar Wenger daga gidajen kallo na Kano da Kaduna da Zinder muna da namu matsayi a cikinta. Da yawa sun shiga Arsenal ne ta dalilin Nwankwo Kanu, wanda Wenger ya kawo a 1999. Ba mu biya fam dubu ba, kakanninmu ba su yi aiki a Woolwich ba, amma musun da aka yi a teburin mai shayi kan ko tsohon ya tafi ko ya zauna bai gaza na Landan zafi ba. Abin da ɗan gidan kallo yake zubawa shi ne mutuncinsa a majalisa: shi za a tsokana da safe idan an ci ƙungiyarsa, kuma ba shi da kujerar da zai bari fayau, sai dai waya da Facebook. Shi ya sa haƙurinsa ya fi na kowa gajarta. A gida kuwa, a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, masu cika wuri don Kano Pillars 'yan kasuwa ne da 'yan adaidaita sahu da masu sana'ar hannu, tamkar 'yan kallon Ingila kafin 1989. Ƙungiyar ta gwamnatin jiha ce, gwamnati ke naɗa masu tafiyar da ita, su kuma su ɗauko koci. Mai kiran "Sai Masu Gida" ba shi da ƙuri'a a ciki, ba shi da zauren kai kuka, kuma sau da yawa fushinsa kan alƙalin wasa ko baƙi yake sauka. A 2022 an rage wa ƙungiyar maki saboda tarzoma, kuma a ƙarshen kakar ta faɗi, ita da ta ɗauki kofin lig sau huɗu tsakanin 2008 da 2014. Wannan ya yi mini ciwo, domin masu ƙaunarta da gaske ne suka fi kowa asara.

Wenger ya yi wasansa na ƙarshe a Emirates ranar 6 ga Mayu, 2018, suka ci Burnley 5-0, fili a cike maƙil, masu neman tafiyarsa da masu kare shi duk suna tsaye suna tafi. Wata uku bayan nan, a Agusta, Stan Kroenke ya sayi hannun jarin Alisher Usmanov a Arsenal, ya samu ikon tilasta wa sauran masu ƙananan hannun jari su sayar masa. Cikinsu akwai magoya bayan da suka gaji hannun jari ɗaya tak daga iyayensu, wanda shi ne ke ba su damar shiga taron shekara su yi wa shugabannin ƙungiya tambaya ido da ido. Daga wannan shekarar aka daina taron.