Na'ura a Bakin Alƙalamin Samari: Sharhi Daga Gaɓar Tafkin Kainji

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan wani sabon nau'in rubutun zube ya yaɗu a cikin Hausa, wanda har yanzu manazarta ba su ba shi suna ba. Masu yin sa samari ne masu sha'awar kwamfuta da wayar salula. Sukan rubuta gajerun bayanai kusan kullum, su saki a Facebook ko a zaurukan WhatsApp, wasu kuma su aika wa jaridu. Yau mutum zai koya maka yadda za ka tsare kalmar sirrinka daga ɓarayin asusu, gobe ya yi maka gargaɗi a kan barci da motsa jiki, jibi kuma ya ɓarke da maganar zaɓe. Manufar wannan sharhi ita ce a dubi wannan rubutu kamar yadda muke duban kowane rubutu a aji, watau ta fuskar asali da jigo da salo, sa'an nan a auna shi da rayuwar mutanen Shanga da Yawuri da Ngaski, don a ga ko rigar ta yi daidai da mai ita.

Asalin rubutu a kan na'ura

Ba yau Bahaushe ya fara ɗaukar alƙalami don ya yi magana a kan baƙon ƙarfe ba. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, wanda ya hau gadon sarauta a 1903, ya yi Waƙar Diga a kan aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, hanyar da ta isa Kano a 1911. Abin lura a nan shi ne sunan waƙar. Diga kayan aikin lebura ne, ke nan idon mawaƙin ya sauka a kan mai haƙa tun kafin ya kai ga jirgin. Aliyu Namangi ya yi Waƙar Keke cikin raha da zambo. Abubakar Imam kuma ya bayyana abubuwan mamakin da ya gani a Ingila cikin Tafiya Mabuɗin Ilmi, bayan ziyarar da ya kai a 1943.

Shekarar 1969 ta cancanci a tsaya a kanta. A cikinta ne kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaro Kilba wanda wani baƙo daga sararin samaniya, Kolin Koliyo, ya ɗauke shi a kumbonsa. A watan Yuli na shekarar Amurkawa suka sauka a kan wata. A watan Oktoba aka aika saƙon farko tsakanin kwamfutoci biyu a jihar Kalifoniya, aikin da ya haifi intanet daga baya. A farkon shekarar kuwa Janar Yakubu Gowon ya buɗe madatsar ruwa ta Kainji.

Daga wannan tarihi muna iya fitar da hanyoyi biyu. Akwai hanyar diga, wadda ke tambayar wa ya yi gumi, wa ya ci riba. Akwai kuma hanyar kumbo, wadda ke ɗaga kai sama cikin mamaki. Dukansu halal ne a adabi, domin ba a hana mai ƙaga labari ya ba yara mamaki. Amma ra'ayina shi ne samarinmu na yau sun rungumi hanyar kumbo gaba ɗaya, alhali abin da suke rubutawa ba ƙagaggen labari ba ne, shawara ce suke ba mutane a kan kuɗinsu da lafiyarsu da ƙuri'arsu.

Jigo na farko: kwamfuta

A nan ne ƙarfin wannan rubutu yake, kuma dole a yaba. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, talaka ya riƙa sayen abin da takardar bayaninsa ba da harshensa aka rubuta ta ba. Waɗannan marubuta su suka cike giɓin. Abdullahi Salihu Abubakar, wanda aka fi sani da Baban Sadiq, ya daɗe yana wannan aiki a shafinsa na kimiyya da fasahar sadarwa a jaridar Aminiya, samari da yawa kuma sun bi sawunsa. Duk mai sayar da albasa a kasuwar Yawuri da ya koyi cewa ba a karanta wa baƙon murya lambar da banki ya aiko, ya amfana da wannan rubutu ko da bai san sunan marubucin ba.

Rauninsa kuwa shi ne yakan fara labari daga tsakiya. Marubucin zai ce ka kunna kwamfutarka, ka shiga intanet, ka sauke manhaja kaza. Da wace wuta za a kunna? Mu da muke gaɓar tafki wannan tambaya ba ta wasa ba ce. An fara ginin Kainji a 1964 aka gama a 1968. Tafkin da ya taru, mai tsawon fiye da kilomita 130, ya cinye tsohon garin Busa da gungaye masu yawa, aka tayar da mutane fiye da 40,000 daga gidajensu. Gungawa sun rasa gonakin albasar da suke nomawa da ban ruwa a tsibiransu. An tsara madatsar da injuna 12, aka kafa 8, masu ƙarfin megawat 760. Wutar tana tafiya ta manyan wayoyi zuwa birane, har tana ƙetare iyaka ta Birnin Kebbi zuwa Yamai. Amma jikan wanda aka tasa daga gungu, sau da yawa sai ya kai wayarsa shagon mai caji ya biya kuɗi, a cika masa da janareta ko da faifan hasken rana. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Marubucin da ya tsallake wannan ya shiga bayanin sabuwar manhaja, ya bar rabin labarin a ƙasa, kuma rabin da ya fi shafar mai karatunsa.

Jigo na biyu: lafiyar jiki da kwanciyar hankali

Wannan shi ne sashen da aro ya fi yawa a cikinsa. Za ka karanta cewa ka rage kallon waya da dare, ka tashi daga kujera bayan kowace sa'a, ka sayi agogon da ke ƙidaya takun da ka yi a yini. Ba ƙarya a ciki, kuma ɗalibin da ke kwana yana latsa waya a ɗakin kwanan jami'a yana bukatar ya ji. Sai dai an ɗinka wannan shawara ne don ma'aikacin ofis na Amurka ko Ingila, wanda cutarsa yawan zama ce. Masuncin da ya wuni yana tuƙa kwalekwale da jan koma, da matar da ta yi daka ta ɗebo ruwa ta kai abinci gona, ba su bukatar agogo ya gaya musu sun motsa jiki.

Abin da ke cin mutanen gaɓar tafki sananne ne: zazzaɓin cizon sauro, da tsargiya wadda yara ke ɗauka a ruwan da ke kwance inda dodon koɗi ke hayayyafa, da kuma haɗarin jirgin ruwa. A ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin katako da ya yi lodi fiye da kima ya tashi daga jihar Neja zuwa Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski, ya tarwatse a tsakiyar ruwa, mutane fiye da 100 suka nitse ko suka ɓace. Rigar hana nitsewa ita ma fasaha ce, kuma ba ta kai kuɗin waya mai kyau ba. Mai sha'awar na'ura da ya rubuta bayanai goma a kan kyamarar sabuwar waya, bai rubuta ko ɗaya a kan wannan riga ba, ya nuna mana cewa ƙyalli ne ke jan alƙalaminsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, marubuci kuwa ya kamata ya shiga ɗakin kafin ya rubuta maganin yoyon.

Jigo na uku: siyasa

Idan aka tattara ra'ayin siyasar da ke cikin wannan rubutu, za a iya taƙaita shi da cewa mutum ne matsala, na'ura ce magani. A cire hannun mutum daga zaɓe da biyan albashi da karɓar haraji, shi ke nan gaskiya ta tabbata. A nan ne Kolin Koliyo yake sake saukowa daga sama don ya ɗauke mu daga wahalarmu.

Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Na'urar tantance katin zaɓe da aka fara aiki da ita a 2015, da BVAS wadda ta biyo baya, sun sa aringizon ƙuri'u ya fi wuya. Amma a ranar 25 ga Fabrairu, 2023, sakamakon zaɓen shugaban ƙasa bai hau shafin hukumar zaɓe daga rumfuna a kan lokaci ba kamar yadda aka alkawarta, hukumar ta ce tangarɗar na'ura ce, aka ƙarasa a kotu. Ganin Dala ba shiga birni ba. A farkon wannan shekarar kuma canjin takardun kuɗi ya jefa kasuwannin karkara cikin ƙunci, mai kifi da mai albasa suka koma sayen kuɗinsu da kuɗinsu a wajen masu POS, domin an so a tura mutane hada-hadar waya a wuraren da layin ma ba ya tsayawa.

Bugu da ƙari, duk na'ura tana da makunni, makunnin kuma yana hannun mai iko. Gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022. A Satumba 2021 aka rufe layukan waya a jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. A Agusta 2023 aka yanke wutar da ake tura wa Nijar bayan juyin mulkin Yamai, sai a 2024 aka mayar. Mu kuma ba mu manta da 17 ga Yuni, 2021 ba, ranar da aka kwashe ɗalibai daga kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri, waɗanda na ƙarshensu ba su dawo gida ba sai a 2023. An yi rajistar layuka, an haɗa su da lambar ɗan ƙasa tun daga ƙarshen 2020, amma wannan bai hana masu garkuwa da mutane kiran waya don neman kuɗin fansa ba. Rubutun siyasa da bai tambayi wa ke riƙe da makunni ba, bai riga ya fara siyasa ba.

Salo da sarrafa harshe

Salon wannan rubutu mai sauƙi ne, gajerun jimloli, magana kai tsaye da mai karatu kamar ana hira a majalisa. Wannan ya dace da manufarsa. An kuma samu ƙirƙirar kalmomi masu daɗi. Ɗauki yanar gizo, alal misali. Duk wanda ya ji tatsuniya ya san Gizo da wayo da cin amana, ya kuma san yana tarko ce, saboda haka kalmar ta zo da gargaɗinta a cikinta. Manhaja, wadda da muka sani a tsarin karatu, ta zauna daram a sabon gidanta. Amma na'ura mai ƙwaƙwalwa tana da illa, domin tana sa mai ji ya ɗauka ƙarfen yana tunani, alhali umurnin da mutum ya rubuta masa yake bi. Wanda ya yarda na'ura tana da ƙwaƙwalwa, da wuya ya tuhume ta ranar da ta hana shi zaɓe.

Ta fuskar ƙa'idojin rubutu kuwa akwai gyara mai yawa. Ana zubar da ƙugiyar haruffa, har ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata, ƙafa ta koma kafa. Ana haɗe kalmomin da ya kamata a raba, a raba na haɗewa. Wani lokaci rabin jimla Turanci ne ba tare da wani dalili ba sai nuna an iya. Da can ana iya ɗora laifin a kan tafireta, amma yanzu babu wannan uzuri. Google ya sa Hausa cikin fassararsa tun 2013, Facebook ya buɗe da Hausa a 2016, kuma allon rubutu mai ƙugiya kyauta ake sauke shi. Masanin kwamfuta shi ne mutum na ƙarshe da za a yafe wa wannan.

Kammalawa

A taƙaice, wannan rubutu ya yi nasara inda ya tsaya ga koyarwa, ya yi rauni inda ya ari damuwar wasu ko ya ɗora wa ƙarfe nauyin da ke wuyan mutane. Gyaransa ba ya bukatar a bar sha'awar na'ura, yana bukatar a haɗa ta da idon mai Waƙar Diga. Aiki kuwa ga shi nan jibge. Shanganci, wanda dangin harsunan Busa ne, ya koma 'yan ƙauyuka kaɗan, domin Hausar da muke karantawa a wannan sashe ita ce ke haɗiye shi. Tsofaffin da suka ga gungayensu kafin ruwa ya rufe su a 1968 suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Wayar da ke aljihun kowane ɗalibi tana ɗaukar murya, tana ɗaukar hoto. Ina kira ga 'yan'uwa ɗalibai na ƙasar Yawuri, musamman masu sha'awar kwamfuta, da su yi amfani da hutu mai zuwa su naɗo labaran waɗannan dattawa da harsunansu, su rubuta su bisa ƙa'ida, su kawo wa wannan ƙungiya. Malamanmu kuma su duba yiwuwar sa wannan sabon nau'in rubutu cikin darasin rubutun zube, domin abin da dubban mutane ke karantawa kullum ya wuce a kawar masa da kai.