Masu Shiga Tsakani da Hukuncin da Muke Yi Musu

Ranar Lahadi 31 ga Oktoba, 2021, 'yan bindiga suka faɗa wa cocin Emmanuel Baptist da ke Kakau Daji a ƙaramar hukumar Chikun ana cikin ibada, suka kora mutum fiye da 60 cikin daji. A lokacin gwamnatin Kaduna ta katse layukan waya a wasu sassan jihar, kuma matsayin Gwamna Nasir El-Rufai sananne ne: babu sulhu, babu kuɗin fansa. Amma dangin waɗanda aka sace ba su da jirgin yaƙi. Dole wani ya ɗauki waya, ya nemi inda akwai sabis, ya saurari zagi da barazana, ya yi ciniki a kan ran ɗan'uwansa. Wannan mutumin, da ire-irensa manya da ƙanana, su ne har yau ba mu daidaita kan sunan da za mu kira su da shi ba. Wasu na cewa masu ceto ne, wasu na cewa dillalan ɓarayi.

Shiga tsakani tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. Mai unguwa yana yi, liman yana yi, sarkin Fulani da sarkin noma suna yi idan shanu sun shiga gona. Sharaɗinta kuwa mai nauyi ne: sai ka zauna da wanda jama'arka ta tsana, ka sha ruwansa, ka saurari kukansa. Daga nan zargi yake farawa. Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas har aka kashe shi a Burmi. Waziri Buhari kuwa ya komo gari ya yi sulhu da su don a bar wa mutane sallarsu da rayukansu. Abin ya dame shi har sai da ya rubuta wasiƙa ga malamai yana bayyana hujjarsa. Attahiru ne ake tunawa da jarumta, amma mutanen da suka rage a birni ƙarƙashin sulhun Waziri suka kwana.

Kaduna ta ga irin wannan da idonta. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye mayaƙa ne a rikicin da ya biyo bayan Zangon Kataf a 1992. Wuye ya rasa hannunsa, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwansa. Da suka haɗa kai suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai, kowannensu ya sha kallon maci amana daga nasa ɓangaren. Su ne suka yi tsayin daka har malaman addinan biyu suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a watan Agusta na 2002. Bayan wata uku rikicin gasar sarauniyar kyau ya ɓarke. Masu cewa sulhu aikin banza ne sun samu abin faɗa, sai dai ba su faɗi abin da ya kamata a yi a madadinsa ba.

Zancen ya fi zafi a kan Sheikh Ahmad Gumi, wanda ya shiga dazukan Zamfara da Neja a farkon 2021, ya zauna da 'yan bindiga, ya fito yana kiran a yi musu afuwa irin wadda marigayi 'Yar'aduwa ya yi wa tsagerun Neja Delta a 2009. Masu sukarsa suna da hujja, kuma rashin adalci ne a yi watsi da ita. Sulhun da Gwamna Masari ya yi da 'yan bindiga a Katsina a 2016 da 2019 ya rushe, na Gwamna Matawalle a Zamfara ma haka. Kuɗin fansa yana komawa sayen bindiga. Sannan mai shiga tsakani yakan daɗe yana jin kukan mai bindiga har muryarsa ta soma kama da ta lauyansa, matar da aka kashe wa miji kuma ta ji babu wanda ya ambace ta. A nan ne nake ganin malamin ya fi shan suka ta gaskiya. To amma iyayen ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka da aka sace, da ƙofar gwamnati ta rufe musu, wurinsa suka nufa, kuma 'ya'yansu sun dawo a watan Mayu na 2021. A tsakanin nan ne 'yan bindiga suka kashe ɗalibai biyar na jami'ar Greenfield da ke kan hanyar Abuja da ta ratsa Kakau.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ma'auninmu yake sauyawa. A watan Agusta na 2023, da ECOWAS ta yi barazanar kai yaƙi Nijar bayan juyin mulki, sanatocin Arewa suka ƙi, malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau suka tafi Yamai suka gana da jagoran juyin mulkin, Janar Tchiani, aka yi ta sa musu albarka. Ba a ce sun zama sojojin juyin mulki ba. A watan Nuwamba na 2024 kuma gwamnatin Kaduna ƙarƙashin Uba Sani da kanta ta karɓi tubabbun 'yan bindiga a Birnin Gwari, aka buɗe kasuwar shanu da ta yi shekaru a rufe. Abin da ya kasance laifi shekara uku baya ya zama manufar gwamnati. Shi ma yaƙin ba a cika yi masa lissafi ba: jirgin soja marar matuƙi ne ya hallaka masu Mauludi fiye da 80 a Tudun Biri ranar 3 ga Disamba, 2023.

Wannan ba ya nufin duk wanda ya ce sulhu yake nema ya wanke. Tukur Mamu, da ya shiga tsakani a kan fasinjojin jirgin ƙasan da aka sace a watan Maris na 2022, an kama shi a Alƙahira a watan Satumba, aka gurfanar da shi bisa zargin tallafa wa ta'addanci. Can ne wurin da ya dace da irin wannan zargi, gaban alƙali, da shaida da lauya, ba majalisar mai shayi ko Facebook ba. A tambayi mai shiga tsakani ko yana da kaso a kuɗin, da wanda ya aike shi, da abin da ya nemo wa waɗanda aka zalunta. Wanda ya kasa amsawa a hukunta shi. Wanda ya amsa, ko da ba mu yarda da ra'ayinsa ba, ba mu da ikon kiran sa ɗan ta'adda don kawai ya ƙi yaƙi.