Ƙamus ɗin da ya san abokan tafiyar "plan"

'Yan'uwa mayun Turanci na Agege, masu ajin dare da masu fama da WAEC da IELTS, ku matso mu yaba wa gwani. Oxford Collocations Dictionary nake nufi, wannan tsararren littafi, mai kauri, mai cika hannu, mai faɗa maka abin da malamai da yawa ke tsallakewa, wanda ya fara fitowa a 2002, aka sabunta shi a 2009 da haɗin kalmomi wajen 250,000. Wallahi ya yi!

Ba ruwansa da dogon bayanin ma'ana. Aikinsa ya nuna maka wace kalma ke tafiya da wace, yadda burodin Agege ke tafiya da shayi mai kauri. Ku buɗe wajen plan ku sha kallo. Mu da muka tashi tsakanin Hausa da Yarbanci da Buroka, bakinmu ya saba da do plan, alhali Bature make yake cewa, in kuwa shirin na ofis ne, na takarda da sa hannu, sai ya ce draw up. Yaron da ke rubuta wa mahaifinsa, dillalin shanu a Oko-Oba, takardar neman rancen banki, wannan kaɗai ta ishe shi fita kunya.

Wanda ya fi tafiya da imanina shi ne hatch, na shirin da aka kitsa a ɓoye, ƙasa-ƙasa, ba a so kowa ya ji. Kai, daɗi! Ga shelve in an jingine shiri, ga scrap in an yi watsi da shi gaba ɗaya, ga fall through in ya wargaje da kansa, ga kuma backfire, ranar da reshe ya juye da mujiya. Duk rayuwar shiri, daga haihuwa har mutuwa, jere a wuri guda.

Ƙorafina bai taka kara ya karya ba. Rubutun ƙanana ne ainun, da tocilan waya sai ka yi ta matse ido, jabun bugun da ke yawo a kasuwa kuwa tawadarsa duk ta koɗe. Ku daure ku nemi orijina.

In kun ƙoshi da plan, ku wuce decision kai tsaye. A can make da take da reach ke jiranku, kowanne da inda yake shiga.