Yadda Gwani Ke Raba wa Lasifika Aiki

Kunnen ɗan Adam yana jin sauti daga kaɗawa 20 a daƙiƙa zuwa kusan 20,000, ma'aunin da ake kira Hertz. Da wuya lasifika ɗaya ta ɗauki wannan fili duka, shi ya sa ake raba aiki. Wufa, babban akwatin nan, ta ɗauki amo mai kauri irin na ganga, ƙananan lasifikoki su riƙe murya da siraran sautuka. Inda ɗaya ke miƙa wa ɗaya shi ne mararraba, masu sana'ar suna cewa kurosoba.

Kafin ya taɓa kowane maɓalli, gwani yana kafa makirufon awo, irin UMIK-1, daidai inda kan mai sauraro zai kasance a kujera. Ya jona shi da kwamfuta mai manhajar REW, wadda John Mulcahy ya rubuta, ake kuma samunta kyauta. Sai ya saki wani fito da ke tasowa daga can ƙasa, yana haurawa har kunne ya daina ji. Manhajar ta zana layi: tudu inda ɗaki ya ƙara wa sauti ƙarfi, kwari inda ya haɗiye shi.

Yawanci yakan sa mararraba a Hertz 80, kamar yadda ƙa'idar kamfanin THX ta tanada, domin ƙasa da haka kunne ba ya saurin gane inda amo ke fitowa. Sannan ya zaɓi matata, wadda ke aiki kamar rariya: wani sauti ya wuce, wani ya tsaya. Wadda aka fi so tana ɗauke da sunan Siegfried Linkwitz da Russ Riley tun 1976. Hikimarta ita ce, a daidai mararraba kowane ɓangare yana sauka da desibel 6, idan suka haɗu sai layin ya miƙe sumul.

Abin da ya fi burge ni shi ne lissafin lokaci. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa. Idan wufa ta fi sauran nisa da mita ɗaya, amonta zai makara da kusan kashi 3 cikin dubu na daƙiƙa. Wannan ɗan lattin ya isa ya hana su tura iska tare, amon mararraba ya raunana. Sai gwani ya jinkirta na kusa su jira ta, ya sake awo, ya ƙara kaɗan, ya rage kaɗan.

Daga nan sai ikwalaiza, mai ƙara ko rage ƙarfin wani sashe na sauti. Ɗaki mai tsawon mita 5 yana kumbura sauti wajen Hertz 34, saboda yadda amo ke kai da komo tsakanin bango biyu. Rago yakan murɗa bes, wato amo mai kauri, har ƙarshe, taga na rawa, ya ce kiɗa ya yi daɗi. Gwani kuwa lambobi uku yake ba na'ura: inda tudun yake, faɗinsa, da yawan abin da za a aske. Kwari mai zurfi ba ya cika shi, don ya san sautin da bango ya maido ne ke kashe na asali. Ko ya ƙara wuta, wahalar da amfilifaya kawai zai yi. Tashi yake ya ja wufar zuwa wani gefe, ko ya matsar da kujera taku biyu, ya mayar da makirufo, ya sake sakin fiton.