Daga Cheberu zuwa Surame: ina sunayen gwanayen?

Kowace shekara miliyoyin mutane ke kwarara Italiya, suna bin Filorens da Benis da Roma gari-gari, ba fatauci ba, ba ziyarar dangi ba, sai kallon bango da rufin ɗaki. Abin da ke kai su shi ne aikin gwanayen zamanin da Turawa ke kira na Farfaɗowa. Brunelleschi ya ɗora wa babbar majami'ar Filorens kubbarta tsakanin 1420 da 1436. Michelangelo ya kwashe daga 1508 zuwa 1512 a kan dandamali yana zana rufin ɗakin ibada na Sistine a fadar Fafaroma. Leonardo da Vinci ya rasu a Faransa a 1519.

A waɗannan shekarun ƙasar Hausa ma ba barci take yi ba. Muhammadu Rumfa, wanda ya sarauci Kano daga 1463 zuwa 1499, ya gina gidan da sarakunan Kano ke ciki har yau. Wajen 1516 kuma Muhammadu Kanta ya ɓalle daga hannun Askiya na Songhai, ya kafa daular Kabi da babban birninta a Surame. Saboda haka mutumin garin Cheberu da ke sha'awar irin wannan yawo ba ya bukatar biza. Kuɗin mota da doguwar tambaya sun ishe shi.

Zangonsa na farko Gwandu, nan kusa da gida. Yawancin masu zuwa hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829, addu'a ke kawo su, su shafa su juya. Amma gwanintar Gwandu a takarda take. Malam Abdullahi ya bar tafsirinsa, Liya'ut Tawili, da Tazyinul Waraƙati, da wasu littattafai masu yawa, kuma kafin zuwan injin ɗab'i duk da hannu aka riƙa kwafe su, da alƙalamin kara da tawadar gida, baƙa ga matani, ja ga wasula da kanun babi. Wanda ya samu mai gidan da ya yarda ya buɗe masa tsohuwar gafaka, to ya ɗaga warƙa ɗaya ya haska ta da rana. Sau da yawa zai ga jinjirin wata uku a cikin jikin takardar. Tambarin masana'antun arewacin Italiya ne, irin na gidan Galvani da ke Pordenone, kusa da Benis. Fatake ne suka riƙa ƙetaro Sahara da ita ta Tarabulus. Wato ƙasar da ta haifi waɗancan masu zane ita ce ta sayar wa malaman Gwandu abin rubutu.

Har baƙo ma ya taɓa yin tsintuwa a garin. A 1853 Heinrich Barth, Bajamushen da ke kiran kansa Abdulkarimu, ya sauka Gwandu a zamanin Sarki Halilu ɗan Abdullahi. Halilu bai yarda sun ga juna ba. Barth ya yaba ayabar garin da albasarsa, amma babbar ribarsa ita ce littafin da wani malami ya ara masa, Tarihus Sudan, tarihin Songhai da Tumbutu. Ya zauna kwana da kwanaki yana kwafar abin da ya iya, ya aika Turai, daga nan ne masanan can suka fara sanin sarakunan Songhai da kyau. Sai dai ya yi tuntuɓe a wuri guda: ya ɗauka Ahmad Baba ne ya rubuta, alhali aikin Abdurrahman as-Sa'adi ne.

Tuntuɓen nan na Barth shi ne ciwon fasaharmu gaba ɗaya, aiki yana nan, mai aikin ya ɓace. Italiyawa sun yi sa'ar Giorgio Vasari, wanda a 1550 ya fitar da littafi kan rayuwar masu zane da sassaƙa da gini, wane ya koya wurin wane, wane attajiri ya biya. Mu kuwa silsilar malamai aka kiyaye, kowa ya san wanda ya karantar da Shehu ɗan Fodiyo da ƙanensa Malam Abdullahi, amma magini da mai ɗinkin aska takwas da baduku an bar su a bakin mutane, baki kuwa yana mantuwa.

A Argungu matafiyin zai shiga gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da aka gina a 1831, aka mayar da ita gidan tarihi a 1958. Akwai makamai, da tambura, da kayan kamun kifi, da kaburburan sarakunan Kabi. Daga nan sai Surame, wadda yanzu take cikin jihar Sakkwato, kufai a cikin daji tun da sarakunan Kabi suka bar ta suka koma Birnin Kabi a farkon ƙarni na 18. Ganuwarta ta dutse ce, abin da ba kasafai ake gani ba a ƙasar da ta saba da tubali. Kowa zai ce maka Kanta ya gina. Kanta dai umarni ya bayar.

Kada mai kallo ya nemi hoton fuskar mutum irin na Italiya, domin malamai sun ƙyamaci surar mai rai, sai gwaninta ta bi ta wata hanya: zayyanar Alƙur'ani, dagi a goshin zaure, zankwaye a kan soro, bakan gizo da aka tanƙwaro da azara. Amma akwai inda hannun ya zo ɗaya. Mai zanen Italiya a kan ɗanyen shafen farar ƙasa yake aiki, sai ya shafa iya abin da zai gama a ranar, don in ya bushe launi ba ya kamawa. Maginin Hausa ma da ɗanyen yaɓe yake tsere, yana fitar da zanensa da yatsa da wuƙa kafin rana ta sha ruwan. Bambancin yana ga damina. Nasu a cikin ɗaki yake, ƙarƙashin rufi, namu kuwa yana waje, in an yi shekaru ba a sabunta makuba ko laso ba, ruwa ya tafi da shi. Yau kuma siminti da kwano sun fi ruwan sauri.

Maginin da sunansa ya tsira a Zariya yake: Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830. Har unguwa ke amsa laƙabinsa a birnin. Ana ma ba da labarin cewa wani sarki ya kashe shi don kada ya yi wa wani ginin da ya fi nasa, labarin da ya fi kama da yabo fiye da tarihi. A shekarun 1970 an lulluɓe abin da ya rage na ginin nasa da sabon masallaci na kankare, sai an shiga ciki ake ganin ginshiƙan da bakunan.

Na biyu kuwa a ƙetaren iyaka yake, a ƙauyen Yama na jihar Tawa a Nijar. A can Falke Barmu, magini kuma manomi, ya fara masallacin garin da laka a 1962, mutanen gari na kawo ruwa da tubali. A 1975 ya sake rufin da bakuna da kubba, daga baya ya tayar da hasumiya huɗu, kowace da siffarta. A 1986 aka ba ginin kyautar Aga Khan ta fasahar gine-gine, da sunan magininsa a rubuce.